Kuɓewar Baba mai lambun bayan layinmu

Tun da damina ta kankama na daina zuwa kasuwar Farin Gada ta nan Jos don kuɓewa kawai. A bayan layinmu a Rikkos akwai wani fili da mai shi ya sa harsashi ya yi gaba, shekara da shekaru ba komai a ciki sai leda da juji. Wani dattijo ya nemi izini ya share, ya shuka kuɓewa, da ɗan alayyahu da yakuwa a gefe.

Ba ya kasa ta a faranti tana jiran mai saye. Kina tsaye zai shiga da 'yar wuƙarsa, hannu cikin tsohuwar safa saboda ƙaiƙayi, ya yanko miki. Ranar farko na karya bakin guda ɗaya, ta ce ƙas. Na ce, "Baba, duk ƙanana ne, ba manya?" Ya yi dariya: "'Yata, babbar kuɓewa ai itace ce. Bayan kwana biyu ko uku nake zagayawa, wadda ta wuce haka sai a bar ta ta zama iri."

Na goge ta, na sa daddawa da busasshen kifi da kanwa kaɗan, muka ci da tuwon acca. Yauƙi kam har gwiwar hannu. Surukata, wadda a wurinta miya in ba busasshiyar kuɓewa ba ce wasan yara ce, sai da ta nemi ƙari. Ɗana kuma ya hana mu cin abinci da labari, wai tun zamanin cinikin bayi kuɓewa ta ƙetara Amurka, har yau a Luwisiyana ana wata miya da ita mai suna gumbo. Kakarsa ta ce to a tambaye su ko suna sa daddawa.

Inda Baba ya gaza: ba shi da lokaci tsayayye, sau biyu ina zuwa da safe na tarar da kara a tokare a ƙofa. Sai kuɗi hannu, kuma canji kullum babu. Filin ba rijiya, ga kuɓewa ba ta shiri da sanyin Jos, don haka hunturu na kamawa za mu koma kasuwa. Kuɗinta ya ɗan ɗara na Farin Gada, amma in kin cire kuɗin Keke Napep kin ci riba.

Shekaranjiya na ga an sauke tifa ɗaya ta yashi a bakin filin. Ganin gini ya kusa, na sayi kuɓewa da yawa, na yanka, tana kan kwano tana shan rana.