Fedal ɗin jita: sauti ya yi, amma sabuntawa ta cinye min aikina

Duk wanda zai sayi fedal ɗin jita mai sautuka da yawa (na'urar da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita) a kasuwar Alaba ta Legas, ya sa a gwada masa kebul ɗin USB da ke cikin kwali tun bai bar shagon ba. Wanda aka haɗo ni da shi na caji ne kawai. Na jona da laftof, Windows ko motsi ba ta yi ba, ko ƙarar nan da take yi in an soka wani abu babu. Na sauke direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, na goge, na sake saukewa, data sai tafiya take. Ƙanen wani abokina mai gyaran waya a Ikeja ne ya juya kebul ɗin a hannu ya ce, "Yaya, wannan wayoyin wuta biyu ne kawai a ciki, babu biyun da ke ɗaukar bayanai." Aka canza, nan take kwamfuta ta gane fedal.

Direban kansa ba ni da ƙorafi a kai. Na ASIO ne, irin wanda aka yi don rage jinkirin sauti a Windows. Kafin na sa shi, in na kaɗa tsirkiya sai sautin ya biyo baya a makare, ba yadda za ka bi kiɗa a haka. Da na sa shi na mayar da bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sako shi) 128, jinkirin ya ɓace a kunne.

Rigimar ta zo ne wajen sabunta manhajar cikin fedal ɗin. Layin da ke nuna tafiyar aiki ya wuce rabi kenan aka ɗauke wuta. Laftof na da batir, amma fedal adafta mai bolt 9 yake ci daga bango, sai fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Maƙwabci ya tayar da janareta, na jona, na taka, na murɗa, shiru. Gabana ya faɗi, don ranar Asabar muna da biki a Agege, kuma kowa ya san abin da kayan nan suke kaiwa yanzu. Ashe masu ƙera shi sun yi tanadi: in ka danne maɓallin ƙafa sannan ka ba shi wuta, yana shiga yanayin ceto, manhajar kwamfuta ta gan shi ta sake zuba masa komai daga farko. Ya tashi garas. Wallahi a daren nan tauraro biyar na yi niyyar ba su.

Da safe na nemi sautukana, babu ko ɗaya. Wanda na daɗe ina gyarawa don ya zauna da kalangu ba tare da ya danne muryar mawaƙi ba, da mai ɗan amsa-kuwwa na lokacin shigowar amarya, duk an share, an maido da na kamfani masu ƙara kamar injin niƙa. Na ɗauka ɗauke wutar ne ya jawo, sai wani makaɗi da muke haɗuwa a sitidiyo ya ce shi ma haka sabuntawar ta yi masa, alhali wutarsa ba ta ko gifta ba. To me zai hana manhajar ta ce ka adana kayanka kafin ta fara? Maɓallin adanawar yana nan, an cusa shi can cikin wani lungu.

Sabon sautin ya fi tsafta, tsakin da yake yi in an canza sauti ma ya ragu, ban musa ba. Amma tauraro uku na ba shi, kuma kuɗin kebul har yau mai shagon bai maido min ba.