Igiyar guga ko ta masu hawa antena: wacce za ta sauke mutum rijiya?

Malam, tsakanin shuɗiyar igiyar roba da ka gani a kasuwa da ta masu hawa antena, ta biyun za ka saya, in dai mutum ne zai rataya a jikinta ya shiga yasar rijiya. Ta robar ka bar wa guga.

Irin wadda ke hannuna kaurinta milimita 11 ne. In ka duba bakin da aka yanke, abu biyu za ka gani: fararen zaruruwan nailan a ciki, su ke ɗaukar mafi yawan nauyi, sai saƙaƙƙiyar riga a waje mai kare su daga gogar siminti da dutse. Rigar nan ita ce alherinta, musamman a nan Damagaram da ƙasarmu ba ta rabuwa da dutse. In ta fara gashi, za ka gani da idonka tun kafin cikin ya taɓu. Tana da laushi a hannu, ƙulli kuma yana zama daram. Ka nemi mai lamba EN 1891, aji A. Ƙa'idar wannan lambar ita ce igiya ta jure 22 kN (kN ma'aunin ƙarfin ja ne), wajen kilo 2,200 ke nan, kuma kada ta miƙe fiye da kashi 5 cikin 100. Da ƙulli mai siffar 8 a bakinta, 15 kN ake nema, ka ga yadda ƙulli ke cin ƙarfi.

Kada ka ce kilo 2,200 ya yi wa mai kilo 70 yawa. Inda rai ya rataya, ninki goma ake so a kan nauyin mutum, don in ƙafa ta zame ya fizgi igiyar, nauyin da ke hawa kanta ya wuce nasa nesa. Ga ƙulli ya rage, ga nailan in ya jiƙe yana rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa.

Ta roba tana da araha, ba ta nutsewa a ruwa, iyakar yabonta ke nan. Rana na cinye ta, ka murza tsohuwa ka ga gari a tafin hannunka. Ƙullinta na zamewa, tana narkewa a zafin digiri 165 ko kusa da haka, kuma ba wanda zai rubuta maka nauyin da take ɗauka.

Amma ko igiya mai kyau, kada ka ɗaura ta a ƙugu ko ƙirji, balle ɗaurin zarge. Da nauyi ya hau, sai ta haura ƙarƙashin haƙarƙari ta matse numfashi, cikin mintuna kaɗan mutum ya kasa ko kiran na sama. Ka haɗa da ɗamarar da ke kama cinyoyi da ƙugu da kafaɗu, mai lamba EN 361, da ƙugiyar ƙarfe mai makulli wadda aka buga kN a jikinta. Ita ma ɗamarar ba wurin zama ba ce. Wanda ke reto bai motsa ƙafa, jini na taruwa a ƙafafunsa, jiri ya zo, ya suma, in ba a fito da shi da wuri ba sai dai wani labari. Shi ya sa ake ƙara madauki a ƙasa inda zai taka ya miƙe lokaci-lokaci.

Kada ya sauka shi kaɗai, ko da rijiyar gajera ce. Aƙalla majiya ƙarfi biyu a sama, da igiya ta biyu a jikinsa wadda aka ɗaure a wani wuri daban. Igiyar ta bi ta kan puli, wato 'yar tayar da igiya ke gudu a kanta, ko a shimfiɗa buhu a bakin siminti, kuma kada igiya mai gudu ta gogi wata igiyar, zafin na iya yanke ta. Kafin shiga a zura fitila mai harshen wuta ko kyandir. In ta mutu iskar ba ta da kyau, amma cinta ba shaida ba ne, don ba ta gane hayaƙin inji. Injin jan ruwa mai fetur ya tsaya a waje, nesa da baki. In na ciki ya yi shiru a jawo shi, kada wani ya bi shi, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Ka yi hattara da wasu 'yan kasuwa. Akwai igiya mai ƙyalli da ado iri ɗaya, cikinta tarkacen tsumma ne, ta shanya ce. Ka sa a yanke baki a gabanka. Akwai kuma mai wanke tsohuwar da ma'aikata suka yar ya ce sabuwa ce. Ka bi ta da hannu daga farko har ƙarshe, in ka ji wuri mai tauri ko wanda ya lotsa, ka ajiye masa kayansa. Wadda ba ta da tambari a baki mai nuna lamba da shekarar ƙira, kada ka taya.

In ka samu, ka auna zurfin rijiyar ka ƙara mita biyar na ɗauri. Bayan aiki a wanke da ruwa zalla, a shanya a inuwa, a sa a buhu nesa da ruwan batir, don yana cin nailan ba tare da ya bar tabon da ido zai gani ba.