Tsohuwar na'urar ji ko ta zamani: wacce ta dace da dattijo?

Wanda ya shekara ashirin da tsohuwar na'urar ji, irin ta analog, ranar da aka sa masa ta zamani ƙorafinsa ɗaya ne: "Ba ta da ƙarfi." Kuma gaskiyarsa ce. Tsohuwar tana ɗaga kowane sauti daidai wa daida, muryar jika da ƙarar keke napep a Terminus cikin garin Jos duk ɗaya. Kunne ya saba da wannan cika.

Ta zamani, wato dijital, tana ɗaga ƙaramin sauti ta danne mai ƙarfi, tana kuma dawo da siraran sautuka irin su "s" da "sh" waɗanda suka ɓace tun da daɗewa. Nan wahalar take. Cokali ya taɓa faranti sai mutum ya zabura, muryarsa ma ya ji ta kamar daga cikin randa. Ƙwaƙwalwa kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ta saba, shi ya sa da yawa ke jefa ta a aljihu tun makon farko. Abin yana damuna, don kuɗi ne masu yawa.

Tsohuwar tana da sauƙin sarrafawa, amma masu yin ta sun yi ƙaranci, gyara kuma sai an sha yawo.

Ni dai ta zamani zan zaɓa wa Baba. A fara sa ta a ɗaki, sa'o'i kaɗan kullum, kafin a shiga hayaniyar kasuwar Farin Gada. In ta dame shi, a koma wurin wanda ya saita ta, don ana iya daidaita ta da kwamfuta ta yi kusa da sautin da ya saba.