Tsofaffin Kan Sarki na Tunawa: Wanne Za Ka Fara Saya?

Duk mai son tara tsofaffin kan sarki na addini da na kishin ƙasa, zaɓi na farko da ke gabansa shi ne: wanda bai taɓa hawa ambulan ba, ko wanda gidan waya ya riga ya buga wa hatimi?

Na farkon yakan fi tsada, amma fa sai in ƙaron bayansa na nan lafiya. Masu tara kan sarki a da sukan liƙa su a littafi da 'yar takarda, ita kuwa tana barin tabon da ke rage daraja. Akwai ma 'yan damfara masu shafa sabon ƙaro. Juya shi ka dubi haƙoran gefe, in ka ga ƙaro ya taru a bakinsu sun yi tauri, ajiye musu kayansu.

Ni dai na fi son mai hatimi, musamman in yana kan ambulan ɗinsa, don kwanan wata da sunan gari suna ba da shaida.

A ɓangaren addini, na Batikan, fadar Fafaroma, da aka fara fitarwa a 1929, ba su da wuyar samu kuma jerinsu a tsare yake. Na Hijaz na 1916 wani abu ne daban: babu hoton mutum ko ɗaya, sai zallar rubutun Larabci da zanen ado, an kuma buga su ne a Masar. Kyau kam ba a magana. Sai dai waɗanda aka ƙara wa rubutu a kai daga baya, jabunsu ya yi yawa.

Wannan matsalar ta shafi na kishin ƙasa ma. Pakistan a 1947 kan sarkin Indiya ta ɗauka ta buga sunanta a kai, haka Gana ta yi da na Gold Coast, tsohon sunanta, a 1957. Kwaikwayon layin rubutu ɗaya ya fi sauƙi a kan kwaikwayon kan sarki sukutum, don haka mai tsada a irin waɗannan kada ka saya sai da takardar shaidar gwani.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, tunda yawancin na tunawa an buga su da yawan gaske. Kafin ka biya, nemi lambarsa a kundin jerin kan sarki na Stanley Gibbons ko Scott, ka gwada launi da haƙora, sannan ka ce mai sayarwa ya nuna maka hoton bayansa.