Hastings ko Gettysburg: wanne ya fi dacewa da sabon shiga?

Malam, ka tambaya wanne ya fi dacewa da mutumin da bai taɓa shiga kwaikwayon yaƙin tarihi ba, na Hastings a Ingila ko na Gettysburg a Amurka. A ganina ka fara da Gettysburg, ko da yake Hastings ya fi shi taɓa zuciya.

Na Hastings ana yin sa ne a ƙarshen mako cikin watan Oktoba, a garin Battle, kan filin da William na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold na Ingila da yaƙi ranar 14 ga Oktoba, 1066. Yaƙi ne na gaba da gaba, da takobi da gatari da garkuwa, mutane sanye da sulke irin wanda muke gani a jikin wasu mahaya a hawan Sallah. A wajen kwaikwayon an dakushe makaman, amma ƙarfe ƙarfe ne, kuma idan sahun garkuwa ya haɗu da sahun garkuwa, sai ka ji nauyin mutane ya danne ka har numfashi ya yi wuya. Shi ya sa ƙungiyoyin masu kwaikwayon ba sa barin kowa ya shiga fagen fama sai ya samu horo ya ci gwaji, abin da kan ɗauki watanni.

Yaƙin Gettysburg kuwa an gwabza shi a lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, inda waɗanda aka kashe ko aka raunata ko aka kama ko suka ɓace suka kai kimanin 50,000. Hukumar da ke kula da filin ba ta yarda a kwaikwayi faɗa a cikinsa ba, don girmama matattu, saboda haka a gonakin da ke kusa ake yi. Bindigogin ana ɗura musu albarushi ne kawai ba harsashi, sahu biyu na nesa da juna, kuma rundunonin masu kwaikwayon da yawa kan ara wa baƙo kaki da bindiga su koya masa fareti. Wahalarsa ita ce zafin Yuli cikin rigar ulu mai kauri, don haka kada gorar ruwanka ta rabu da ƙugunka.

Ka kuma yi tunani kan ɓangaren da za ka tsaya. Masu shuɗin kaki sojojin Tarayya ne, masu ruwan toka kuma na jihohin Kudu ne da suka ɓalle don kare bauta. Ni dai shuɗin zan saka.