Denon ko Yamaha: amsa daga Manchesta ga tambayar Yaya

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara. Na zaga shagunan kayan sauti kan tambayar da ka yi mini ta wane inji ya dace da hom tiyatar falonka, kuma injuna biyu ne suka tsaya mini a rai: Denon AVR-X1700H da Yamaha RX-V6A.

Ka fara sanin cewa ba irin wadda ake sayarwa a Sabon Gari ba ce, mai zuwa da sipikunta a kwali ɗaya. Wannan injin ne zalla. Shi ke karɓar dikoda da wasan yara ta wayar HDMI, ya miƙa hoto ga talabijin, ya rarraba sauti. Sipiku daban ake saye, kuma sukan fi injin cin kuɗi.

Kowannensu yana ɗaukar sipiku 7 da na bas 2, kuma duka suna da Dolby Atmos da DTS:X, wato tsarin sauti mai kewaye mutum kamar a silima. Yamaha, wadda ta fito a 2020, tana ba da wat 100 ga kowace sipika, Denon ta 2021 kuma wat 80. Don Allah kada wannan lamba ta ja ka. Bambancin ƙarfin sautin bai wuce desibel 1 ba, kunne da ƙyar yake kama shi. Yamaha tana da mashigar HDMI 7, Denon 6, amma mene ne za ka jona har guda bakwai?

Inda na daɗe ina tunani shi ne daidaita sauti da ɗaki. Kowanne yana zuwa da ƙaramar makirfo da ake ajiyewa inda mutum ke zama, injin ya saki ƙara, ya auna yadda bango ke mayar da ita, ya gyara kansa. Na Yamaha sunansa YPAO, na Denon kuma Audyssey MultEQ XT, mai auna wuri har 8. Falonka tayil ne da bangon siminti, amsa-kuwwa tana da yawa, kuma a kunnena gyaran Denon ya fi tsabtace muryar mai magana daga rugugin bas. Denon tana kuma da tsarin da ke danne ƙarar da ke tashi kwatsam, ka yi kallo da dare ba ka tashi Hajiya ba. Yamaha ta yi zarra a wuri guda: sipikun baya na MusicCast, tsarinta na aika sauti ta iska, suna aiki ba tare da an ja waya daga injin ba. Ni dai Denon zan ɗauka maka.

Kada ka bari a aiko maka daga Amurka ko da ta fi araha. Tasu ta wutar bolt 120 ce, ana jona ta kai tsaye a gida za ta ƙone. Ta Ingila 230 ce kamar tamu, filoginta ma mai ƙafa uku ne irin namu.

A nan Ingila doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki, da kwana 30 ya mayar da kaya in sun zo da matsala. Saboda haka zan kunna ta a ɗakina a cikin waɗannan kwanaki kafin in ba masu kago, don mayar da ita daga Kano wahala ce babba. Kai kuma ka tanadi sitabilaiza mai kyau tun yanzu, kuma kada a kunna ta kafin janareta ya daidaita. Ka turo mini tsawo da faɗin falon, in san girman sipikun da zan nema.