Kafin ka sayi na'urar DVD mai araha a Maradi

Waya ta ƙwace wa faifai kasuwa, wannan ba a musu. Duk da haka har gobe ana sayen na'urar DVD a Maradi. Akwai uba mai haɗa wa ɗiyarsa kayan ɗaki, akwai dattijon da ya tara fayafayan tafsiri shekara da shekaru, akwai kuma gidan da ake so yara su zauna gaban talabijin maimakon su yi ta kokawa kan waya guda. Da yake kuɗinta bai taka kara ya karya ba, mutane na saye ido rufe, bayan wata uku ta fara cewa ba faifai alhali faifan na ciki.

In ka zaga shagunan kayan wuta na babbar kasuwa, iri uku za ka tarar. Ta farko sabuwa ce cikin kwali, ƙirar China, galibi ta biyo hanyar Kano da Katsina ta shigo ta Jibiya da Dan Issa. Kada sunan da ke goshinta ya ruɗe ka. Wani lokaci sunan babban kamfani ne aka sauya wa harafi ɗaya, cikinsu kuwa kusan duk ɗaya ne. Amfaninta shi ne ba ta zaɓen faifai: na kwafi, tsohon VCD, faifan waƙa ko na karatu, duk takan karanta, kuma tana da wurin sa filashi. Aibinta, roba ce shafal, aljihun da faifai ke shiga ba ya jure wasan yara, ɓangaren wutarta kuma ba ƙwari.

Ta biyu ta hannu ce daga Turai, Sony ko Philips ko LG na gaske. Da ka ɗaga ta za ka ji nauyi, hotonta da sautinta tsaf. Sai dai ba ka san shekara nawa ta yi tana aiki ba, da yawa cikinsu ba su da wurin filashi, wasu kuma suna jan aji kan faifan kwafi. Akwai kuma kullen yanki. Masu DVD sun raba duniya gida shida: Amurka yanki na 1, Faransa na 2, mu da Najeriya da Indiya na 5. Na'urar da aka kulle wa Faransa za ta ƙi faifan asali na wani yanki, ko da yake yawancin fayafayan da ke yawo a kasuwarmu ba su da wannan kulle. In daga Amurka ta fito, juya bayanta ka karanta. Wutarmu 220 ce, mai 110 kawai kana jona ta ta ƙone.

Ta uku ita ce mai allo a jikinta da batiri, wadda ake caji da sola ko batirin mota. Ga mutumin ƙauyen Madarounfa ko Gidan Runji da ba shi da talabijin, tana da rana. Ga ɗan birni ba na ba da shawararta. Zafin watan Afrilu na kumbura batirin, wayar da ke cikin mahaɗin allon na tsinkewa da yawan buɗewa da rufewa, kuma duk sanda aka ɗaga murfi idonta mai karanta faifai na fuskantar ƙura kai tsaye.

Idon nan shi ne ran na'urar, shi ne kuma ke fara mutuwa a kowace iri. Faifan CD da na DVD girmansu ɗaya, amma na CD na ɗaukar mega 700, na DVD giga 4.7, mai hawa biyu har 8.5. Ke nan rubutun da ke kan DVD ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƴar ƙurar hunturu da ta kwanta kan ido ta isa ta sa fim ya yi ta tsayawa. Abin da masu saye ba su cika sani ba shi ne hasken da ke karanta CD daban, na DVD daban, a cikin ido guda. Ɗaya na iya mutuwa ɗaya na nan daram. Shi ya sa mai shago zai iya sa maka faifan waƙa ka ji tana tashi raɗau, ka kai gida ta ƙi fim. Don haka ka je da fayafayanka: DVD ɗaya, CD ko VCD ɗaya, da wani da ya sha hannu ya ɗan karce. Sa kowanne ka kasa kunne. Lafiyayya na kamawa nan da nan ba hayaniya. Wadda ke ta ƙas-ƙas tana juyi tana tsayawa kafin hoto ya fito, ajiye ta, ko da an rage maka jika biyu. Kuma kada ka tsaya a farkon fim, tura shi can wajen ƙarshe, nan ne raunanniya ke tona kanta.

Da idon ya gaji, filashi ne zai ci gaba da riƙe gidan, saboda haka a wajena na'urar da ba ta da shi rabin na'ura ce. Amma nan ma akwai tarko. Za ka ga an rubuta MP4 ɓaro-ɓaro kan kwali, ka ɗauka duk abin da ke cikin wayarka za ta nuna. Da yawa daga cikin masu araha tsarin bidiyo na AVI da DivX da na sauti MP3 suka sani, bidiyon waya ko wanda aka sauko da shi daga YouTube sai su ƙi shi, ko murya ta fito ba hoto. Filashin ma sai an tsara shi a FAT32, wanda ba ya karɓar fim ɗaya da ya wuce giga 4. Ka biya wajen mai tura maka fina-finai, ya zuba maka irin waɗanda ka saba karɓa, ka gwada a shagon. Kuma gaskiya ɗaya ce, in ba ka da faifai ko ɗaya a gida, talabijin ɗinka ko dikodarka na da wurin filashi, riƙe kuɗinka.

Maganar wayoyi ba ta da tsawo. Tsohon talabijin mai ƙeya, wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ta wadatar. Mai faffaɗan allo, nemi mai HDMI. Rubutun 1080 kan kwali ba ya ƙara wa faifai komai, hoton DVD 720 ne a 576, miƙa shi kawai take yi. In hoto ya fito baƙi da fari, kafin ka ce ta lalace, shiga saiti ka mai da tsarin hotonta PAL. Duba kan filoginta ma, kayan da suka biyo ta Najeriya kan zo da mai ƙafa uku, soket ɗinmu kuwa na ƙafa biyu ne masu zagaye.

Ba ta cin wuta, ba ta kai tsohon ƙwan fitila ba, ƙaramin sola ma na ɗaukarta. Dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce ke kashe ta, sai kuma janareta mai hawa da sauka. Da an ɗauke, a zare filogi. Kada a ɗora ta kan talabijin mai zafi, in an gama kallo a cire faifan a lulluɓe ta da zane.

In ni ne, sabuwar nan ta kwali zan ɗauka, mai filashi da HDMI, bayan ta ci gwajin fayafayaina uku. Ta hannu sai ga wanda fayafayansa masu kyau ne kuma yana da mai gyara da ya yarda da shi ya raka shi. Kafin ka miƙa kuɗi, danna kowane maɓalli na rimot, don yawancin masu araha ba a shiga saitinsu sai da shi, samun irinsa kuma wahala ne. Sannan ka ce wa mai shago, “Alhaji, in ta ba da matsala cikin sati zan dawo da ita a sauya min,” ya amsa a gaban mutane, ya rubuta maka a takarda. Kwalin kuma kada a ba yara, ba a karɓar kaya ba shi.